Ƙugiyar da Na Je Nema a Minna

Mun bar Zariya ana idar da sallar asuba, huɗu a baya, biyu a gaba, ga direba da bai yarda da birki ba. Jakata tana kan cinyata, a cikinta akwai kwalin digirina na Hausa, wanda duk abin da ya samo mini shi ne koyarwa a makarantar kuɗi, da albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Minna na nufa, in zauna jarrabawar shiga wata cibiya mai zaman kanta da ke karɓar masu digirin wasu fannoni ta koya musu aikin kwamfuta. Amma in faɗi gaskiya, ba son kwamfuta ne ya tayar da ni ba. Taubashina ne.

Ɗan goggona ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake ce masa. Tarihi ya karanta, da ƙyar ma ya fita. Ya zo Minna ya yi wannan kwas ɗin, yau ga shi yana haɗa wa ofisoshi kwamfutoci, har da mota. Da Sallah ya zo gida, mata suka yi ta guɗa kamar shi ya ƙera motar. Ni ma na yi masa murna da baki, amma ranar ko tuwo bai wuce mini ba. Shi ya sa na ƙudura zan shiga cibiyar nan da ƙafata, ba tare da an ce shi ya ɗora ni ba.

Hanya lafiya lau har Tafa, inda muka sha shayi da burodin da ya kwana biyu. Daga mararrabar Dikko kuwa sai addu'a. Ramuka ne wasu cikin wasu, ga manyan motoci sun jeru kamar raƙuma. A Lambata da Paiko doya ce jibge a bakin titi, kowace kamar cinyar ƙato, kuma araha har sai da wani fasinja ya zaci matar da ke sayarwa ba ta ji tambayarsa ba. Matan Gwari suna wucewa da kaya a kafaɗa maimakon ka, ko karkacewa ba sa yi.

Wajen azahar muka shiga Minna, zafinta ya tare mu tun daga Chanchaga. Taubashina ya zo ɗaukata a tasha, ya sauke gilashi, sanyin motar ya bugi fuskata.

"Ubangida, shigo ka sha iskar bawanka," in ji shi.

Na ce, "Duk abin da bawa ya mallaka ai na ubangijinsa ne." Muka yi dariya, amma tawa iyakarta haƙori.

Ya biya da ni Kasuwar Kure ya saya mini ƙuli-ƙulin Bida mai yaji, sannan muka wuce gidansa a Dutsen Kura. Ciki biyu da falo ne kawai, amma na ƙirga komai da ido, har labule. Maƙwabtansa, wani tela Banufe da wata malamar asibiti 'yar kudancin Kaduna, Injiniya suke ce masa. Injiniya! Mutumin da ni na riƙa yi masa lissafi a firamare. Da yamma ya buɗe kwamfutarsa ya ce in zo ya nuna mini wasu 'yan dabaru kafin gobe. Na ce ya bar shi, ai na yi wata guda ina koyon bugun rubutu a shagon intanet. Ya ce to, ya rufe abarsa.

Washegari na ƙi motarsa, na hau acaɓa zuwa hanyar Bida. Cibiyar tana kafin a kai Gidan Kwano, inda jami'a take, bas-bas ɗin ɗalibai suna ta wucewa ta gabanta. A ɗakin jarrabawa na tarar da irina da yawa: mai digirin noma, mai na siyasa, har da wata lauya. Kashi na farko tambayoyi ne a takarda, na yi abin da zan iya. Na biyu bugu ne. Malamar da ke kula da mu ta ce tun da cibiyar tana buga wa mutanen gari takardu, za ta karanta sakin layi ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, mu buga. Da na ji Hausa sai na gyara zama, na ce yau gida ya zo.

Ta fara karantawa da Hausarta ta Minna: "Asibitin masu karaya da ciwon kashi."

Na ɗaga hannu. "Malama, ƙashi dai. Abin da kika faɗa ai na bayan gida ne."

Ɗakin ya kwashe da dariya, ita ma ta yi. Ta ce, "Malam, mu a nan duka ɗaya muke kira. Kwamfuta ma bai san bambanci ba. Ka buga kawai."

Kowa ya duƙufa, ni kuwa na tsaya neman ƙ mai ƙugiya a kan madannai. Na bi layi na sama, na bi na ƙasa, babu. Na san zan iya buga k in wuce kamar kowa, amma hannuna ya ƙi. Shekara nawa ina jan kunnen yara a kan wannan ƙugiyar, yau in zo Minna in rubuta wa asibiti kashi? Ina cikin lalube ta ce lokaci ya cika. Layi ɗaya na buga, shi ma bai kai ƙarshe ba. Da aka kira sunayen waɗanda suka ci, babu nawa.

Na koma Dutsen Kura na ba taubashina labari, ina jiran ya yi mini dariyar taubasai. Bai yi ba, wannan ma ya fi ciwo. Ya jawo kwamfutarsa, ya danna wasu maɓallai, sai ga ƙ ta fito a allo da ƙugiyarta tsaf. Ya ƙara dannawa, ga ɗ, ga ɓ.

"Ita na so in nuna maka jiya," in ji shi. "Na san halinka, ba za ka iya tsallake ta ba."

Wallahi ban ji zafin motar kamar yadda na ji zafin wannan ba. Mota tasa ce, gida nasa ne, amma harafin nan nawa ne, shi na shekara huɗu ina karantawa, kuma shi ma a hannunsa na same shi. Ya ce yana koyar da ajin share fage ranar Asabar da Lahadi, in zo in yi wata uku in sake zama jarrabawar. Ya ƙara da cewa shi fito da ƙugiyar ya iya, inda za a sa ta kuwa canka yake yi. Na ce zan yi shawara.

A hanyar dawowa na sayi doya a Paiko. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi wa gonarsa hidima sosai, tawa kuma ciyawa ta cinye. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: ba kwamfuta ce ta kayar da ni ba, kujerar da na ƙi zama ce a falonsa.

Na iso gida da la'asar. Inna ta tambaye ni yaya jarrabawa, na ce sai an sake. Na shiga ɗaki na rubuta masa saƙo cewa ya ajiye wa ubangidansa kujera ranar Asabar, kuma har yanzu ina ƙyashinsa. Wayata ba ta da ƙugiya, haka na tura. Amsarsa ta zo nan take: "Ubangida, akwai kuskure a rubutunka. Ka zo in nuna maka."