Faifan da Inna Furera Ta Rufe Ƙwarya da Shi

Jama'a a rage rediyo, mai shan rake ya dakata da tauna. Yau zan gabatar muku da Mai Girma Shugabar Kunnuwan Gwarzo da Kabo baki ɗaya, Babbar Alƙaliyar Sauti, wadda ta kayar da injin zamani ba tare da ta cire mayafi ba: Inna Furera ta Mainika, masaƙiyar faifai, kakata ta wajen uwa, kuma amaryata da har yau take cewa ban isa ba. Wannan sarauta ni na naɗa mata, ni Mudassir, wanda ya yi aji uku a sakandare ya gane cewa sauran ukun maimaici ne. Na yi acaɓa babur ya gaji da ni, na yi tallan rake na shanye jarin, yanzu ina sayar da kaset da CD a tashar Gwarzo.

Inna ba ta san shekarunta ba, kuma ba ta son a taya ta lissafi. Abin da aka sani shi ne daga wani ƙauye na yankin Jama'a aka kawo ta Mainika, gidan kakana Ya'u mai garaya. Shi Ya'u manomi ne, amma duk inda aka yi gayya sai an kira shi ya tsaya a bakin kunya yana kaɗa wa masu fartanya. Ita kuma tun tana yarinya hannunta yake cikin kaba. Ta zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida da basilla, kafin azahar ta fitar da faifan da za ka ji kunyar rufe tuwo da shi saboda kyau.

Wata shekara, kafin a haife ni, wani mutum ya zo da mota ya tafi da Ya'u Kano, aka ɗauki waƙarsa biyu a faifan garmaho. Ya dawo da guda ɗaya, baƙi, ƙarami, mai rami a tsakiya. Garmaho kuwa babu a gidan. Sau uku kacal Inna ta ji faifan, a gidan wani direban tifa da ya zauna a garin na ɗan lokaci, shi ma daga bayan zana ta tsaya. Direba ya tashi da kayansa, faifai ya koma ƙasan adaka.

Ya'u ya rasu a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai da layi. Da kaba Inna ta ci da yara biyar. Murfin roba ya shigo kasuwa, mata suka koma masa, ita ta ci gaba da saƙa tana cewa roba ba ta numfashi. Babban ɗanta, Kawu Dalhatu, ya samu aiki a wata masaƙa a Kano, aka sallame su, ya koma sayar da yadi. Inna ba ta faɗar sunansa don ɗan fari ne, sai dai ta ce "na Kano". Mijinta kuwa "mai garaya" take ce masa har gobe.

Da aka fara Shari'a, raɗe-raɗi ya cika ƙauyuka cewa za a bi gida gida a ƙone kayan kiɗa. Babu wanda ya zo Mainika ƙona komai, amma Kawu mutum ne mai taka-tsantsan, ya taso takanas daga Kano.

Ya ce, "Inna, ina faifan nan? Gara a fitar da shi daga gidan."

Inna ta nuna bango ta ce, "Ga su nan birjik. Mai ja kake so ko mai kore?"

"Ba wannan ba, Inna. Na Baba."

"Mai garaya bai taɓa saƙa faifai ba. Hannunsa bai iya ba."

Kawu ya buɗe adaka, ya ɗaga gado, ya leƙa randa, bai ga komai ba. Ya koma Kano yana cewa tsohuwa ta yar ta manta. Ashe tun da ta ji raɗe-raɗin ta saƙa faifai biyu, ta sa baƙin a tsakiya cikin ƙyalle, ta ɗinke bakin. Ta kifa shi a kan ƙwaryar da take ajiye kuka da daddawa. Kawu da hannunsa ya ɗaga shi ya leƙa ƙwaryar ya mayar.

To ga inda na shigo da ƙafar hagu. Bara wani dillali ya kawo mini CD daga Kano, tsofaffin waƙoƙin noma, waƙa talatin a abu ɗaya. Ina duba bayan kwalin sai ga sunan kakana a lamba goma sha bakwai. Na kusa faɗowa daga benci. Na jira ranar da Kawu ya zo gida, na ɗauki rediyona mai cin CD, na sa masa sabon batir, na shiga Mainika kamar wanda ya dawo daga aikin hajji.

Na ce, "Amarya, yau na kawo miki abokin kishina, tsohon mijinki. Ki ji shi tas, babu ƙara, babu shashsha, kamar yana zaune a nan."

Ta ce, "Angon ƙarya, wanda ko akuya ba shi da ita. Kunna mu ji."

Maƙwabta suka taru. Na danna. Kiɗa ya tashi nan take, tsaf, kamar an goge shi da toka. Inna ta karkata kai, basilla a hannu. Ba a yi baiti biyu ba ta ce:

"Wannan wace yarinya ce?"

Aka fashe da dariya. Na ce, "Inna, Baba Ya'u ne fa. Ga sunansa a rubuce."

"Waƙarsa ce. Ba shi ba ne. Mai garaya muryarsa daga ciki take fitowa, wannan daga hanci. Kuma shi ba ya faɗa wa waƙa haka kamar an koro shi. Sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce 'a gaida mai kaba', sannan ya taɓa tsirkiya."

Wata maƙwabciya ta ce, "Mai kaba kuma? Wa ke nan?"

Inna ta ci gaba da saƙarta.

Ni dariya na yi. Kawu bai yi ba. Dama ya daɗe yana so ya ɗauke ta ya kai ta Kano, tun ranar da santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ita kuma ta ce ko a buhu ba za ta tafi ba. Yanzu ya samu hujja. Ya ja ni zaure ya ce, "Ka gani ko? Ta ɓatar da faifai ta manta, yau kuma ba ta gane muryar Baba ba, har tana ƙago maganar da babu. Rikicewar tsufa ce. Ranar Juma'a zan zo da mota."

Sai a lokacin na gane abin da na jawo. Inna a Kano, a ɗaki ɗaya a saman bene, ba darbejiya, ba kaji, ba mai kawo mata kaba. CD ɗina ne zai tashe ta daga gidan da ta yi shekara hamsin a ciki.

Ashe tana jin mu. Ta fito zaure da murfin ƙwarya a hannu, ta sa basilla ta farke ɗinkin a gabanmu. Baƙin faifai ya leƙo.

Ta ce da ni, don ba za ta dubi ɗan fari ta yi masa gardama ba, "Ka gaya wa na Kano, a nemo inda za a kunna wannan. In babu abin da na faɗa, ya kawo motar, ni da kaina zan hau. In akwai, ya bar ni da kajina."

Kawu ya kalli faifan, ya kalli ƙwaryar da ya taɓa leƙawa, ya ce ya yarda.

Garmaho mai rai guda ɗaya na sani a yankin nan, a Kabo, wurin Malam Bot mai gyaran rediyo. Mutumin Filato ne, Kirista, ya zo koyarwa tun yana saurayi, aka rage malamai a shekarun wahala ya buɗe rumfa bai koma ba. Ni da shi ba ma shiri. Na taɓa ce masa ya sayar da garmahon a yi kaskon suyar waina da shi.

Ranar kasuwa muka je, Inna a gaban mota da faifai a cinya. Malam Bot ya gaishe ta har da rusunawa, suka tambayi juna gida da gajiya da ruwan bana, sannan ya karɓi faifan da tafukan hannu biyu, yatsa bai taɓa fuskar faifan ba. Ya ɗaga shi ga haske.

"Inna, kin taɓa rufe abu mai zafi da shi?"

"Malam, na yi maka kama da mahaukaciya?"

"A'a, wallahi. Bai lanƙwashe ba ko kaɗan. Ƙanshin daddawa kawai yake." Ya juyo gare ni. "Kai, ɗan tasha, kawo ruwa a kofin can. Kada ka taɓa komai."

Ya wanke shi a hankali da ɗan ƙyalle mai laushi, ya jingine shi a inuwa ya bushe. Ya jona garmahon da batirin mota. Ya ce allurar da ke kai ita ce ta ƙarshe da ta rage masa, yana ɓoyonta, amma yau ranarta ce. Ya sassauta labulen rumfa, don zamanin ba na ƙure kiɗa a kasuwa ba ne.

Labari dai ya riga ya zaga. Dattawa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da rediyo a hammata, wai gyara ya kawo. Wani ma rediyonsa yana magana lafiya lau, sai da ya kashe shi a bakin rumfa.

Malam Bot ya sauke allura.

Abin da ya fara fitowa ƙara ce, tas-tas-tas, kamar ana suyar gyaɗa a yashi. Na saci kallon Kawu. Faifai ya zaga sau ɗaya, sau biyu, sau uku, babu komai sai suya. Inna kuwa ko gezau, ƙasa take kallo.

Sai aka ji mutum ya yi gyaran murya. Ya sake. Sannan, can ƙasa-ƙasa, kamar wanda ba ya so mutanen Kano su ji: "A gaida mai kaba."

Garaya ta shigo. Jama'a, ni mai sayar da sauti ne, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Ba a kunne kiɗan ya tsaya ba, a ƙirji na ji shi. Kana jin ƙoƙon garayar yana gurnani a ƙarƙashin tsirkiya, kana jin mutumin yana jan numfashi kafin kowane baiti. Muryar kuma kauri gare ta, ta namiji mai noma, kamar a bayan labulen yake zaune. Ƙarar suyar ba ta tafi ba, amma ka daina jin ta, kamar yadda ake daina jin ruwa a kan kwano in hira ta yi daɗi.

Kawu ya juya ya fuskanci bango yana karanta kalandar shekarar da ta wuce. Da waƙar ta ƙare ya daɗe bai juyo ba. Sannan ya ce, "Haka yake gyaran murya in zai kira mu sallar asuba. Ni ne na manta." Ya durƙusa gaban Inna. "Ba mota. Zan turo magini ya gyara bakin rijiyar."

Inna ta ce da ni, "Ka ce masa Allah ya yi albarka."

Wani dattijo mai farin gemu ya gyara zama ya ce, "Malam Bot, sake gwada injin nan, ban tabbatar ya gyaru ba." Aka sake. Aka juya bayan faifan ma aka gwada.

Ni dai ban haƙura ba, na ce, "To me ya samu nawa? Sabo ne fa, daga kwali."

Malam Bot ya ce, "CD ɗinka bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ya faɗa. Daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma daga wani kaset, a hanya an samu rikoda mai gudun tsiya ta mayar da dattijo budurwa. Sai yaron kwamfuta ya ji farkon duk ƙara ce ya datse, sauran kuma ya wanke har ya wanke mutumin. In kana so, ka zo da abin ɗauka mu kwafa daga nan, yadda yake, da suyarsa da komai. Ko ka fi son kaskon waina?"

Na ce ban san wanda ya faɗi wannan maganar ba, amma ba shi da tarbiyya.

Mun kwafa kuwa. Yanzu in mutum ya zo tasha neman lamba goma sha bakwai, sai in ce wanne, na yarinyar ko na kakana? Inna ta saurari sabon kwafin ta ce shi ne, amma kamar yana magana daga ɗakin maƙwabta. Na karɓi wannan a matsayin yabo.

Ranar da muka dawo daga Kabo, la'asar ta yi, ta zauna a ƙarƙashin darbejiyarta ta jawo kaba tana mayar da faifan cikin rigarsa. Na tsaya a tsakar gida, na cire hula, na ɗaga hannu, na karanto mata duk sarautar da kuka ji a farko, har na ƙara da Garkuwar Garmaho da Dodon Kwamfuta. Na ce tarihi zai rubuta sunanta, kuma ni ne zan riƙe alƙalamin.

Ta cije zare da haƙori, ta miƙo mini faifan ba ta ɗago ba.

"Ungo, je ka rufe min ƙwaryar. Kaji na shiga kukar."