Askin Suna a Ɗakin Jarirai

Har yau ranar nan ba ta fita daga raina ba. Ina aikin atanda a ɗakin jarirai na wani asibiti a wajen Ɗanbatta, a shekarun da ko auduga sai dangin majiyyaci sun sayo. Atanda ba ta allura. Namu wanke-wanke ne, da riƙe yaro, da sa ido.

Aka kawo wani jariri daga ƙauye, ko suna ba a yi ba. Ya ƙi nono, yana ta shiɗewa, maɗigarsa ta kumbura. Likita ya ce sanƙarau ne. Aka yi ta allura ta jijiya, jiki bai karɓa ba. Sai ya yanke shawarar zuba maganin ta maɗiga, ya shiga ruwan ƙwaƙwalwa kai tsaye. Ni na riƙe kan. Da ya gama ya manna filasta, ya ce, "Iya Hansai, ƙwayar cuta ɗaya ta bi ramin nan, mun rasa shi. Kada kowa ya taɓa."

Ranar suna da hantsi, likita yana tiyata, sista, wato nas ɗin ɗakin, ta tafi sito. Na dawo daga zubar da ruwa na tarar da kakan yaron, Malam Sule, tsaye da wanzami. Uwar ta sunkuyar da kai, ba ta da bakin hana surukinta. Wanzami har ya jiƙa aska, ya sa farce a bakin filastar.

Na cafke hannunsa.

"Sake ni, Iya, kin taɓa ganin suna ba aski?"

"Kai ka taɓa ganin aski a kan rami? Askar nan kawuna nawa ta bi yau?"

Ya ja, na ƙara matsewa. Na juya zan yi wa Malam Sule tas, sai ya riga ni magana.

"Baiwar Allah," ya ce, "ni na san ba tashi zai yi ba. Kada ya koma ga Allah da gashin ciki, kamar ba shi da kowa."

Ban saki hannun wanzami ba. Na ce, "Malam, bai mutu ba tukuna. Maɗiga dai ba mai taɓa ta." Na tafasa almakashinmu, na sa wanzami ya wanke hannu da sabulu yana ƙunƙuni, ya datsi 'yan silin gashi a ƙeya. Malam Sule ya yi addu'a, ya ce sunansa Haruna.

Haruna ya rayu, sai dai ciwon ya tafi da jinsa. Na ji yanzu likitoci ba su cika bin wannan hanyar ba, wai haɗarinta ya yi yawa.

Ku masu tasowa, ku tsare abin da aka ba ku tsaro, ko waye ya zo. Amma kafin ku kori mutum daga bakin gado, ku ji abin da ya kawo shi. Wani ba gardama ya zo yi ba, bankwana ya zo yi.