Littafin Famfon da Aka Yi Wa Rabo

Ni na buga littafin famfon ƙauyenmu, kuma na daɗe ina tinƙaho da shi. A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Safana. Wata ƙungiya da ta kafa famfuna masu aiki da hasken rana a ƙauyukan Batsari ta kawo mana aikin mayar da littafin kula da su zuwa Hausa, suka sa mini manhajar da ake rubuta littattafan injuna da ita. Abin da ya fi tafiya da hankalina a cikinta shi ne nuni. Idan ina bayanin tanki ina so mai karatu ya leƙa bayanin bututu, ba sai na rubuta lambar shafi da hannuna ba. Dannawa kawai nake yi, ita ta rubuta "Duba shafi na kaza". In na ƙara hoto shafuka suka matsa, lambobin su gyara kansu. Duk wanda ya shigo shagon sai na tsare shi ya kalli wannan abin al'ajabi, ko da hoton fasfo ya zo ɗauka.

Ɗaya daga cikin famfunan yana ƙauyenmu, gefen Darini, kuma makullinsa yana hannun gwaggona, yayar babana. Ita ce shugabar matan da ke kula da shi. Kafin zuwansa, ruwa sai an je rafin bakin daji, inda duk matar da ta tafi ake zaman zullumi har ta dawo, saboda 'yan bindiga.

Da na je gida bayan girbin wake, na gaishe ta, muka bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har kan awaki, sannan na tambayi littafina. Ta ɗaga katifa ta zaro 'yan takardu a cikin ledar burodi.

"Gwaggo, ina sauran?"

"Ai mun raba," in ji ta. "Mai goge farantin hasken rana ta ɗauki nata, mai tanki nata, mai bututu nata. Ni ga na akwatin wuta."

Kaina ya yi zafi. Littafin da na jera shafi-shafi an ɓare shi an yi watandarsa kamar naman sa! Na fara faɗa, ta bar ni na gama.

"Kai ɗan nan, abin gari ne. In yana ɗakin mutum guda aka tashi gudu ba shiri, shi ke nan ya tafi duka. Shi ya sa munka raba. Amma kai mi ya sa littafinka ba ya faɗin magana ya ƙare? Kullum duba shafi kaza, duba shafi kaza. Wa ya san mai shafi kaza?"

Nan na ji abin da ya faru da damina. Famfon ya tsaya, takardar Gwaggo ta tura ta wani shafi, ba wadda ta san a ɗakin wa yake. Kafin a tattara takardu a gane, mai shi ta tafi bikin suna a Wagini. Mata suka koma rafi har sai da makaniki ya samu hanyar zuwa. Dattawan gari suka ce in aka sake haka za su karɓi makulli, duk ranar da famfo ya yi tari a kulle shi sai makaniki ya zo. Gwaggo ta faɗi wannan tana murza bakin zanenta inda makullin yake ƙulle, na ga abin yana cin ta.

Na taso da niyyar in buga wani in ɗinke shi da zaren buhu. A kan babur, kafin mu isa Batsari, na gane ko da waya na ɗinke shi sai sun raba, kuma gaskiyarsu ce. To me zai hana littafin ya san an raba shi?

Washegari ko ƙurar teburi ban kaɗe ba na kunna kwamfuta. Na yi ta tone-tone har na faɗa wurin da ake tsara kalmomin nuni. Ashe "Duba shafi na" ɗin nan ba dole ba ne! Ɗan akwati ne, ka goge ka rubuta abin da kake so. Gurbin da lamba ke shiga kuma ana iya cewa ya ɗauko sunan babi maimakonta. Na yi ihu har mai shagon ya leƙo yana tambaya ko wuta ce ta ja ni.

Na fara da sunayen babobin. Babi na biyu ya koma "Mai goge faranti", na uku "Mai tanki", haka har ƙarshe. A cikin akwatin na rubuta: "Nan aikinki ya tsaya. A kai maganar wurin", na bar gurbin suna. Na danna sabuntawa. Kafin in ƙifta ido duk nunin da ke littafin ya juye, daga farko har ƙarshe. Na tashi na zagaya shagon na dawo na sake dubawa, yana nan. Daɗi kamar ya kashe ni.

Da na zauna karantawa sai ga abin dariya. A babin tanki, littafin yana cewa mai tanki ta kai maganar wurin mai tanki. Na ƙirƙiri salo na biyu domin nuni na cikin gida, wanda ke cewa "Juya takardarki zuwa hoton" ya kawo sunan hoton. Jami'in ƙungiyar ya ɗan yamutsa fuska da ya ga ba lambobi, amma ya yarda a gwada a ƙauyenmu. Na buga kowane rabo biyu-biyu, don mai tafiya suna ta bar ɗaya wurin maƙwabciya. Wannan karon ban ɗinke ba, da hannuna na raba musu a tsakar gidan Gwaggo.

Daga nan sai jira. Allah ya yafe mini, har fata na riƙa yi famfon ya tsaya, in kuma na tuna makullin sai gabana ya faɗi.

Ya tsaya ana tsakiyar bazara. Ban sani ba sai da hantsi ina cikin buga wa wani takarda, wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Jar wuta ta kama a akwati tun da safe. Takardata ta ce a kai wa mai tanki. Tata ta ce a kai wa mai goge faranti. Munka je munka iske akuya ta ja waya ta sauke ta. An mayar."

"To ya tashi? Gwaggo, ya tashi?"

 Na ji takunta, na ji hayaniyar mata, sai kuma ƙarar ruwa yana dukan gindin bokiti, yana sauya murya yana cikowa. Na manna wayar a kunne, mai takarda yana kallona.

"Ka ji?" in ji ta. "To kashe, katina ke tafiya. Ga dattawan can sun zo karɓar makulli, bari in ba su ruwa su sha."