Istar da Muka Yi Kafin Lokacinta

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka binne ƙanena Bulus a bayan tsohuwar majami'armu ta ciyawa a nan Lafiya. Na zauna ne da niyyar in yabe shi kamar yadda ake yabon mamaci, sai na ga in ban faɗi kishin da na yi da shi ba, rabin labarin kawai na bayar. Ni ne wansa, Ayuba. Na ba shi shekara huɗu, na riga shi yin baftisma, ni na kama hannunsa na kai shi ajin karatu. Duk da haka shi aka kira Malam, ni kuwa har na yi furfura ana ce mini "wan Malam".

A zamanin da ake shimfiɗa layin dogo, mu masu bi ba mu cika rumfa ɗaya ba. Uwarmu 'yar Keana ce, gishiri take kawowa kasuwa, ubanmu kuma manomin doya. Baturen mishan tare ya koya mana karatu. Ni na haddace sunayen bukukuwa, Bulus kuwa sai da ya bi kowanne ya ji daga ina ya fito.

Ya iya bayani yadda manomi zai gane. Yakan ce Littafi bai faɗi ranar haihuwar Almasihu ba, masu bi na dā ne suka sa Kirsimeti a lokacin da yini ke fara tsawo a ƙasashen sanyi, don su nuna haske ya shigo duniya. Fentikos kuma, ya ce, asalinsa bikin girbin alkama ne na Yahudawa, kamar yadda mutanenmu ba sa cin sabuwar doya sai an yi godiya. Tsofaffi su yi ta gyaɗa kai, mata su manta da tukunya a kan murhu. Ni ina can baya ina jiran ya yi tuntuɓen harshe, in samu abin faɗa a gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zamansa da maƙwabcinmu Malam Bukar, dattijon da kakanninsa suka zo daga Barno, wanda unguwa ke tambaya lissafin watan azumi. Bayan la'asar sai ya sa a kira Bulus zaure. Bulus ya gaya masa cewa Ista ba ta da tsayayyiyar rana domin wata take bi, tunda an gicciye Almasihu ne a Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda ake yi in wata ya cika. Dattijon ya yi murna, ya ce ashe mu ma muna ɗaga kai sama. Ni kuwa iyakar abin da ke tsakanina da shi gaisuwa.

Wata shekara zazzaɓi ya kori Bature gida, kalandar da ya bari kuma ta ƙare. Masu bi na Ashige da Arikya suka aiko tambaya: yaushe za su zo Ista? Tafiya ce ta ƙafa, ga sharar gona ta kama, ba mai iya zuwa sau biyu. Malam Bukar ya ƙirga ya ce sha huɗu ga wata za ta faɗo ran Lahadi. Na ji wannan, na ga dama ta samu. Ana tashi daga sujada na miƙe na sanar cewa wannan Lahadin ce Ista.

Bulus ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Yaya, in wata ya cika ran Lahadi, ta gaba ake jira. Haka Bature ya nuna mini."

Da na amsa masa a hankali, da magana ta mutu a nan. Sai na ɗaga murya don kowa ya ji. "Kai da na goya a bayana ne za ka koya mini kwanan wata?"

Nan take jama'a ta rabu. Waɗansu suka ce babba ya yi magana, waɗansu suka ce sai abin da Malam Bulus ya faɗa, har wani dattijo ya ɗauki sandarsa ya ce in haka ne kowa ya yi tasa Istar a gidansa. Bulus ya dubi 'yan mutanen nan da ba su kai a raba su biyu ba, sannan ya ce, "Yadda Yaya ya faɗa, haka za a yi."

Aka yi. Baƙi suka zo da doya da kaji, ni na yi wa'azin tashi daga matattu, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Ashe a ranar sauran masu bi na duniya ganyen dabino suke ɗagawa, suna tuna shigar Almasihu Urushalima. Lahadi ta gaba sai ga wani akawun jirgin ƙasa, mutumin kudu, ya sha fararen kaya ya zo Ista, ya tarar da mu 'yan tsiraru. Ya zaro kalanda daga aljihu ya nuna, ya tambaya wa ya yi wannan aika-aika. Ina tsaye a wurin. Bulus ya ce, "Lissafin a hannuna yake, kuskuren nawa ne." Ban buɗe baki ba.

Mai karatu zai zaci na gode masa. Wata guda na yi ban taka gidansa ba. Ya fi ni sani, na haƙura, yanzu kuma ya fi ni hali a gaban mutane. Ba a daɗe sosai ba agana ta shigo gari ta ɗauke shi, yana da ƙuruciyarsa. Ni na haƙa kabarin, ina kuka na gaskiya, amma ko a wurin sai da na lura da yawan jama'ar da suka zo, har da Malam Bukar da mutanen masallacinsa, na tambayi kaina ko taron jana'izata zai kai rabin haka.

Yau majami'armu ta bulo ce da rufin kwano. Kalanda na rataye a kowane shago, rediyo na faɗin ranar biki tun da saura wata. Ban san yadda Bulus zai ga wannan ba. Anko da shinkafa da nama ba za su dame shi ba, don yana son biki. Abin da zai dame shi, ina ji, shi ne ka tsayar da mai sabbin kaya ka tambaye shi me ya sa Istar bana ta riga ta bara zuwa, ya ce haka aka buga a kalanda. Da ya zaunar da shi a gindin mangwaro, kuma da mutane sun taru, kuma da na tsaya a baya raina yana ɓaci. Na san kaina.

Bayanansa sun rayu, ana maimaita su a bakin waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Kishina ma ya rayu, ya tsufa tare da ni. Amma akwai abu guda da bai kamata ya rayu ba. Waɗanda suka ga abin da ya faru sun ƙare, sai labari ya juye, har yau ana ba da shi da dariya a cocinmu: shekarar da Malam Bulus ya ɓata lissafi. 'Yarsa Rifkatu, wadda take goye lokacin, ta girma tana jin haka, takan yi murmushi ta ce ai kowa yana kuskure. Sau da yawa a gabana take faɗa, in yi shiru.

Na san ana karanta miki wannan jarida, Rifkatu. Ubanki bai ɓata lissafi ba. Ya san ranar sarai, ya kuma faɗa mini. Ni ne na ƙi ji.