Ranar da likita ya tambayi girman ƙanena a haihuwa

Ina shanya wanki a gidana da ke Unguwar Kanawa matar ƙanena ta kira ni.

"Yaya, ya faɗi a wurin alwala. Wai ba ya gani sosai, kuma fuskarsa ta kumbura."

Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Na tari Keke Napep zuwa Unguwar Dosa, inda suke zaune tare da Umma tun rasuwar Baba. Na tarar da ƙanena jingine da bango, ya dafe ƙeya. Mutumin da bai kai arba'in ba, malamin makaranta, kullum a ƙafa yake zuwa aiki.

"Ba komai, Yaya, gajiya ce," ya ce, amma ba inda nake tsaye yake kallo ba.

Maƙwabci ya kai mu asibiti a motarsa. Nas ta auna jininsa, ta sake aunawa a ɗaya hannun, ta fita da sauri. Aka shige da shi, aka ɗebi jini da fitsari, mu kuma aka bar mu a benci. Umma sai jan carbi take yi.

Bayan azahar likita ya kira mu. Ya ce hawan jini ne mai tsanani, kuma ya taɓa ƙoda. Ya tambaya ko yana shan taba, ko akwai mai ciwon a dangi. Duk muka ce a'a. Sai ya juya wajen Umma.

"Hajiya, da kika haife shi, yaya girmansa yake?"

Ni kuwa na tuna, don ina da wayo a lokacin. Bakwaini ne. A cikin auduga aka naɗe shi, hannunsa bai fi yatsan Baba kauri ba. Ranar suna ba a fito da shi ba, mata suka riƙa leƙawa suna fita da salati.

"Ɗan mitsitsi ne," in ji Umma. "Ba wanda ya zaci zai rayu."

Likita ya ce wasu da aka haifa ƙanana ƙodarsu ba ta gama ginuwa ba, sai ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta har hawan jini ya zo da wuri. Ba kowa ba ne, amma ana gani.

Umma ta riƙe gefen tebur. "Wato ni na jawo masa?"

"A'a, Hajiya. Ke kika raya shi."

Ba ta yi kuka ba sai da muka fito.

Kwanakin da suka biyo baya, abu ɗaya muke jira: ko za a ce sai an fara masa wankin ƙoda. Duk likitan da ya doso gadon, sai matar ƙanena ta miƙe tsaye. A ƙarshe jinin ya sauka, ganinsa ya dawo, aka ce magani zai riƙe shi in ya kiyaye.

Ya koma aji yanzu. Lokaci-lokaci yana zuwa gwaji, kuma duk ranar da zai je, wayata ba ta barin hannuna sai ya kira.