Sabulu, shuni da darasin shimi

Ina wanki, sabulu ya ƙi kumfa a ruwan rijiyarmu, sai wata farar dauɗa. Ga jarrabawar bak ta gama sakandare jibi, har da shimi, wato kimiyyar sinadarai. Na ce wa Iya, kakata: "Wannan na gane shi. Gishirin ruwa da sabulu ne suka musanya abokai, ba wanda ya rasa elektaron. Redoks ne ke rikita ni, inda wani ke bayarwa, wani na karɓa."

Ta ce, "Kakana marini ne a Matameye, farkon zuwan Faransawa. Zane kan fito daga karofi kore, da ya sha iska sai ya koma shuɗi."

Na daka tsalle. Ashe shuni ne ke ba iska elektaron!

Ta yi dariya. "To 'yar nan, na sabulu ba ni gishiri in ba ka manda ne, na shuni sadaka."

Ku a ina shimi ya shiga kanku? Ni dai a bakin bokitin wanki.