Ba Ta Sake Shi Ba

Wata rana wata uwa ta shigo falo da farantin gyaɗa, ta tarar da 'yarta Rumaisa da 'yan'uwanta sun zagaye tebur suna wani wasa.

Wasan labari ne. Kowa da jaruminsa, Yaya Nazifi na jan labarin, ɗan ludo mai fuska ashirin na yanke hukunci.

Uwar ta daɗe tana ganin ɓata lokaci ne. Ranar dai ta zauna.

Jarumar Rumaisa mai sihiri ce, irin na tatsuniya. Dokar kuwa ita ce: sihirin da ake riƙewa da hankali, ɗaya tak ake riƙewa. Ka ɗauki na biyu, na farko ya tafi. Idan aka buge ka, sai ka jefa ɗan ludo a ga ko hankalinka ya tsaya.

A lokacin tana riƙe da jarumin Muhsin a iska, bisa wani rami. Muhsin ɗan ƙanwar uwar ne, bai jima da tashi daga doguwar jinya ba. Wannan jarumin a gadon asibiti ya zana shi. Idan ya faɗa, an cire shi daga labarin ke nan.

Dodon da suke yaƙa a labarin ya kusa mutuwa. Katangar wuta guda za ta gama da shi, sunan Rumaisa ya fita.

"Ke, saki wutar nan mana! Me kike jira?" in ji Nazifi. Zumuɗi ya mantar da shi dokar.

"Yaya, ka manta? Ina riƙe da Muhsin. In na kunna wuta na sake shi."

"To wa ma ya lura, sarkin doka?"

"Ni na lura."

Dodo ya kai mata duka. Ta jefa ɗan ludo.

Ya tsaya a inda ake so.

Wani ne ya kashe dodon, shi aka yi wa tafi. Jarumin Muhsin ya sauka lafiya, Muhsin ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

 Uwar ta tura farantin gaban 'yarta, ta fita tana murmushi.

Darasi: Hankali ba ya riƙe abu biyu. Kafin ka kama abin da za a yi maka tafi, duba wa za ka saki.

Tura wa wanda ya taɓa riƙe ka bai ce uffan ba.